Hisabin Haruffa da Lambobin Sinadarai: Nazari da Suka Daga Mahaƙar Zinare ta Birnin Gwari

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a littattafan i'ijazin kimiyya, daga nan ta shiga wa'azozi da saƙonnin waya. Ana cewa kalmar hadid, wato ƙarfe, idan aka lissafa haruffanta da hisabin abajada za a samu 26, kuma 26 ita ce lambar ƙarfe a jadawalin sinadarai; idan aka ƙara mata alifi da lamu za a samu 57, wadda ita ce lambar Suratul Hadid, kuma lambar nauyin wani nau'i na ƙarfe. A kan wannan harsashi ne wasu suka ɗora gini mai tsawo: kowane sinadari yana da lambar sirri, kowace lamba tana da ɓoyayyen makamashi da take fitarwa, wanda ya san lambar zai iya jawo sinadarin, ko ya gano inda yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, ko ya yi magani da shi.

Wannan maƙala za ta auna da'awar da ma'auni uku: lissafin da ta dogara da shi, tarihin ilimin da take jingina kanta gare shi, da ƙa'idar sababi a Shari'a. Abin da take son tabbatarwa shi ne, wannan gamin gambiza ya ari kwarjinin tafsiri, da na magabata, da na kimiyya, amma bai yarda ya ɗauki sharaɗin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dalilin duban Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, kuma a cikinta dajin Kamuku yake. Duwatsunta na daga cikin jerin duwatsun arewa maso yamma masu ɗauke da zinare a jijiyoyin farin dutse, an kuma haƙi zinare a Tsohon Birnin Gwari da Kwaga tun zamanin Turawa. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun raba ɗimbin manoma da gonakinsu, sun durƙusar da kasuwanni, har zuwa sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen shekarar 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta garin. A irin wannan hali, ramin haƙa yakan zama mafakar matashin da ya rasa gona.

Haƙar zinare sana'a ce ta rashin tabbas. Mutum zai yi wata guda yana fasa dutse bai ga komai ba, maƙwabcinsa ya dace cikin kwana biyu. Duk inda sa'a ta yi wa ƙoƙari rinjaye a idon mutane, nan kasuwar masu sayar da tabbas take ci: mai hatimin buɗi, mai bugun ƙasa, da mai na'urar da ake tallatawa a intanet cewa tana jin kiran zinare daga nesa. Saboda haka bahasin da ɗalibi zai ɗauka nishaɗin zaure ne, a bakin rami magana ce ta jari da lafiya da aƙida.

Asalin fikirar a turasin Musulunci

Haɗa haruffa da ma'adinai ba sabon abu ba ne. A littattafan da ake jinginawa ga Jabir ɗan Hayyan akwai ilmul mizan, wanda ya ginu a kan cewa kowane jiki haɗi ne na ɗabi'u huɗu: zafi, sanyi, danshi da bushewa. An raba haruffan Larabci 28 ga waɗannan ɗabi'u, bakwai-bakwai, aka ce ta hanyar auna haruffan sunan ma'adini za a san gwargwadon ɗabi'un da ke cikinsa, bisa nisbar 1, 3, 5 da 8, waɗanda jimlarsu 17. Masu bincike sun lura cewa waɗannan lambobi huɗu su ne ke zaune a kusurwa ɗaya ta hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15, sauran gidaje biyar kuma jimlarsu 28, adadin haruffa. Manufar ita ce a gyara mizanin dalma ko jan ƙarfe har ya koma na zinare.

Ƙasar Hausa tana da babban wakili a fannin lambobi, wato Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a shekarar 1154H (1741) a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin masanin tarihin Masar. Littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da aufaƙ yake, kuma hanyoyin da ya bayyana na tsara hatimi mai gidaje mara sun sa masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Adalci shi ne a rarrabe abu biyu a aikinsa. Ƙa'idar cika gidajen hatimi lissafi ce tsantsa, kowa zai iya bin ta ya samu sakamako ɗaya. Tasirin da ake jingina wa hatimin kuwa da'awa ce ta daban, wadda ingancin lissafin ba ya tabbatar da ita.

Turasin bai bar waɗannan da'awowi ba tare da suka ba. Ibnu Sina (ya rasu 428H) ya bayyana a ash-Shifa cewa iyakar abin da masu alkimiyya ke iya yi shi ne rina ma'adini ya yi kama da zinare, ba su sauya haƙiƙarsa. Ibnu Khaldun (ya rasu 808H) ya keɓe fasula a Muƙaddima a kan ilimin asirin haruffa, inda ya ambaci al-Buni, ya kuma riskar da amfani da haruffa don sarrafa halitta da babin sihiri. Ya keɓe wani fasalin don musanta cewa alkimiyya na haifar da ɗa mai ido, da wani a kan masu neman arziki ta hanyar tonon dukiyar da aka binne. A nan gida, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da hukunce-hukuncen taurari. Tare da haka, malaman Sakkwato sun riƙa rufe waƙoƙinsu da ramzi, wato kalmar da haruffanta ke ba da shekarar da aka yi waƙar. Ba su ga saɓani a nan ba, domin amfani da harafi a matsayin lamba rubutu ne kawai, neman gaibu da shi kuwa wani abu ne daban.

Auna lissafin hadid

Lissafin farko daidai yake: ha 8, dal 4, ya 10, dal 4, jimla 26, alifi 1 da lamu 30 su kai shi 57. Matsalar tana cikin abin da ake so a fahimta daga wannan dacewa.

Na farko, ƙa'ida ba ta zama ƙa'ida sai ta yi aiki a kan 'yan'uwan abin da aka gwada ta a kansa. Alƙur'ani ya ambaci zinare da azurfa, ya ambaci kalmar nuhas. Zahab a abajada 707 ne, alhali lambar zinare 79. Fidda 885 ce a lissafin Gabas, lambar azurfa kuwa 47. Nuhas 119 ne, lambar jan ƙarfe 29. Idan hanya ta dace sau ɗaya ta kuskure sau uku, aka riƙe ɗayan aka ɓoye ukun, to zaɓen son rai aka yi, ba istiƙra'i ba.

Na biyu, abajada ba ɗaya ba ce. Tsarin Magrib, wanda shi malaman hisabi na ƙasar Hausa suka gada, ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. Alal misali sinun 300 ne maimakon 60, sadi 60 maimakon 90, ladi 90 maimakon 800. Da wannan, fidda za ta koma 175, nuhas ya koma 359. Da lambar sifa ce ta zatin ma'adinin, da ba ta sauya ba tsakanin Fas da Bagadaza.

Na uku, ƙarfe yana da nau'o'i huɗu tabbatattu ta fuskar nauyi: 54, 56, 57 da 58. Mai nauyin 56 shi ne kusan kashi 92 cikin ɗari na ƙarfen duniya, mai nauyin 57 kuwa kashi 2 ne da ɗan ɗoriya. An tsallake mafi rinjaye an ɗauki ƙanƙani saboda shi ya dace da lambar sura. Haka nan an cire alifi da lamu lokacin da ake neman 26, an mayar da su lokacin da ake neman 57.

Na huɗu, ana ƙarawa da cewa ayar da ta ambaci ƙarfe ita ce ta 25, idan aka ƙirga basmala ta zama ta 26. Wannan a ƙidayar Kufa ne, wadda mus'hafin Hafsu ke bi. A ƙidayar Madina, wadda mus'hafan Warshu ke bi, surar aya 28 ce ba 29 ba, kuma ayar ƙarfe ita ce ta 24. Almajirin da ya haddace da Warshu a tsangayar Birnin Gwari, shin mus'hafinsa ya rasa mu'ujizar ke nan? Babu malamin da zai yarda da wannan lazimi.

Na biyar, kalmar hadid ta zo a Suratu Ƙaf, aya ta 22, da ma'anar kaifin gani a ranar Alƙiyama. Haruffan su ne dai, jimlar ita ce 26, amma babu ƙarfe a wurin.

Sannan a dubi mece ce lambar sinadari. Mendeleev ya tsara jadawalinsa a 1869, ya bar gurabu, ya faɗi siffofin sinadaran da ba a gano ba tukuna. Aka gano galiyom a 1875 da jamaniyom a 1886, suka zo kusa ƙwarai da yadda ya siffanta. A 1913 Moseley ya nuna ta hanyar gwaji cewa matsayin kowane sinadari yana bin cajin cibiyar zarrarsa, wato adadin furoton da ke cikinta. Ke nan 26 ƙidaya ce ta wani abu da ke cikin ƙarfen kansa, ko an kira shi hadid, ko ƙarfe, ko wani suna. Jadawalin ya faɗi abu kafin a gan shi. Hisabin kuwa ya jira sai da kimiyya ta ba da lamba, sannan ya koma ya nemo ta. Ko burin Jabir da ya tabbata a 1980, lokacin da Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Amurka suka mayar da zarrori kaɗan na bismut zuwa zinare, da na'urar harba zarra ya tabbata, kuma abin da aka samu bai kai a gan shi da ido ba.

Hatsarin wannan hanya ga Alƙur'ani kansa ya bayyana a tarihin kusa. Rashad Khalifa ya fito da nazariyyar lamba 19 a 1974, mutane da yawa suka yi maraba da ita da kyakkyawar niyya. Da lissafin ya ƙi daidaita, sai ya kore ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba, daga bisani ya yi da'awar manzanci. Tun da daɗewa Ibnu Kasir ya yi watsi da fitar da wa'adin al'umma daga haruffan farkon surori, ya nuna cewa ruwayar da ake kafa hujja da ita ta dogara ne ga al-Kalbi, wanda ba a kafa hujja da abin da ya kaɗaita da shi. Ash-Shaɗibi (ya rasu 790H) shi ma a al-Muwafaƙat ya soki masu jingina wa Alƙur'ani kowane ilimi, ya ambaci ilimin haruffa a cikinsu. Ayar Hadid kuwa ma'anarta a fili take: ta haɗa Littafi da ma'auni da ƙarfe a siyaƙin tsayar da adalci. Al'ummar da ta ɗanɗani ƙarfe a hannun azzalumai ta fi bukatar wannan ma'ana a kan kowace jimla.

Da'awar ɓoyayyen makamashi

Rabin ginin na biyu shi ne cewa kowane sinadari yana fitar da wani lallausan ƙarfi da na'urorin kimiyya ba sa kamawa, amma jikin mutum ko sandar hannu ko dutsen wuya na iya ji. Wannan ma an gwada shi. A 1998 wata mujallar likitanci ta Amurka ta buga gwajin Emily Rosa, yarinyar da ta jarraba mutum 21 masu da'awar jin makamashin jikin ɗan Adam: aka kare idonsu, aka ce su faɗi a kan wane hannu nasu ta ɗora nata a sama. Cikin gwaji 280 sun dace a kashi 44 cikin ɗari, ƙasa da abin da canki-canki zai bayar.

Misalin da ya fi muni shi ne na'urar ADE 651, sanda mai lilo a kan mariƙi, wadda ake saka mata kati da sunan an ɗora masa kaɗawar abin da ake nema. An sayar wa Iraƙi ita a kan miliyoyin daloli domin gano bama-bamai, an kuma sayar wa wasu ƙasashe har da Nijar. Babu komai a cikinta da ke gano wani abu. Ɗan motsin hannun mai riƙe da ita, wanda shi kansa bai san yana yi ba, shi ke juya sandar. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure mai sayar da ita, James McCormick, shekara goma, amma ba a janye ta daga shingayen Bagadaza ba sai a 2016, bayan mummunan harin unguwar Karrada. Na'urorin da ake tallata wa mahaƙa cewa suna nuna zinare daga nisan kilomitoci a kan wannan da'awa suka ginu.

Wajibi ne a bambanta su da na'urar gano ƙarfe ta haƙiƙa, irin wadda ta yaɗu a mahaƙar Djado ta Nijar tun 2014. Ita wannan tana aiki da maganaɗisun lantarki, iyakarta sananniya ce, ba ta wuce zurfi kaɗan, kuma tana kuka a kan ƙusa kamar yadda take yi a kan zinare. Wadda ta faɗi iyakarta ita ce abar amincewa. Wadda kuwa idan ta kasa sai a ce zuciyar mai riƙon ce ba ta da tsarki, ko aljanun wurin ne suka kawar da arzikin, ta toshe duk wata ƙofa da za a gane ƙaryarta.

Wasu suna yi wa wannan makamashi ado da kalmomin addini, su ce shi ne ruhi, ko albarka, ko laɗa'if da malaman tasawwufi ke magana a kai. Wannan zalunci ne ga kalmomin. Suratul Isra'i, aya ta 85, ta mayar da sanin ruhi ga Allah. Albarka kyauta ce daga gare Shi, ba a cusa ta a dutse a yi mata farashi. Masu tarbiyyar zukata kuma a kan tsarkake zuciya suka yi magana, ba su ce zikiri yana nuna jijiyar zinare ba.

Ma'aunin Shari'a

Malamai sun tabbatar da cewa ba a riƙon abu a matsayin sababi sai ta ɗayan hanyoyi biyu: ko nassi ya tabbatar da shi, kamar addu'a da ruƙya da istihara, ko tajriba bayyananniya ta tabbatar da shi, kamar magani da taki. Hatimin da aka gina a kan lamba 79 ba shi da nassi, domin lambar ba ta wuce ƙarni ɗaya da 'yan shekaru da sanuwa ba. Ba shi da tajriba, domin masu shi ba su yarda a gwada shi ba. Abin da ya rasa duka biyun wahami ne, kuma rataya zuciya gare shi rauni ne ga tauhidi. Idan aka haɗa da da'awar sanin abin da ke ɓoye ta hanyar lissafin suna, an shiga babin bokanci da hadisai ingantattu suka hana. Sayar da shi kuma ciniki ne na garari da cin dukiyar mutane da ɓarna.

Wannan hukunci a kan aiki yake, ba a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Da yawa daga masu yaɗa lissafin hadid son Alƙur'ani ne ya motsa su, mahaƙin da ya sayi laya kuma talauci da tsoro ne suka tura shi. Haƙƙinsu a kan malamai shi ne bayani cikin tausasawa, da kuma gwaji a bainar jama'a: a binne ɗan zinare a ɗaya daga cikin tukwane goma, ba tare da mai na'ura ko wani na tare da shi ya gani ba, a maimaita sau ashirin, a rubuta sakamako. Gani ya kori ji.

Ɓoyayyen tasiri na gaskiya

Sinadaran da mahaƙi ke mu'amala da su suna da tasirin da ido ba ya gani, amma ba wanda ake sayar masa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara sama da 400, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai. A 2015 irin wannan ta faru a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka rasu. Abin da ya tsayar da mace-macen shi ne gwajin jini, da kankare gurɓatacciyar ƙasa, da maganin da ke fitar da dalma daga jiki, da fitar da niƙa daga cikin gidaje.

Haka nan zaiba, wadda ake damawa da garin dutse don ta kama zinare, sannan a ƙona ta: tururinta ba shi da wari, yana shiga ta huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya cutar da ɗan tayi a cikin uwarsa. Saboda irin wannan illa aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013. Yaron da ke farfaɗiya a gidan da ake niƙa dutse, idan aka ce iska ce ko kambun baka aka tsaya nan, an bar jaki ana dukan taiki. A yi masa addu'a, a kuma kai shi a auna jininsa. Babu karo tsakanin biyun.

Kammalawa

Lissafin hadid dacewa ce guda da ta kasa maimaituwa a kan zinare da azurfa da jan ƙarfe, ta kuma sauya da sauyin ƙidayar ayoyi. Nazariyyar ɓoyayyen makamashi ta faɗi a inda aka gwada ta, har ta jawo asarar rayuka. Alƙur'ani ya wadatu daga hujjar da ɗalibin sakandare zai iya rushewa da alƙalami, domin ranar da ya rushe ta, ana tsoron shakkarsa ta wuce kan hujjar ta kai ga abin da aka kafa ta dominsa.

Abin da ya kamaci sassan nazarin addini shi ne su koyar da al-Kashinawi a matsayin masanin lissafi tare da sukar Ibnu Khaldun a gefensa, su kuma sanya fiƙihun ma'adinai da illar dalma da zaiba cikin abin da ake horar da limaman yankunan haƙa a kai. Limamin Juma'a a Birnin Gwari da ya gaya wa jama'arsa kada a niƙa dutse a tsakar gida, kada a ƙona zaiba a ɗaki ko kusa da mai ciki, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro, ya yi aiki da maƙasudin kiyaye rai da zuriya da dukiya a huɗuba guda. Allah Shi ne Mafi sani, kuma Shi ne Mai datarwa zuwa ga daidai.